Uwargida, Wa Ke Shan Datar Gidanki?

   

A 'yan shekarun nan akwai wani kuka da ya zama ruwan dare a bakin mata, har ya kusa kamo kukan tsadar gas da na kuɗin makaranta. Ko a gidan suna, ko wajen biki, ko a hanyar dawowa daga Islamiyya, sai ki ji ana cewa data yanzu ba ta da albarka. Maigida ya sa ta wata guda, kwana goma sha biyu ta ce ga garinku nan. Ya shigo yana faɗa, kuma ke da kike yini a gida ke ce ta farko a tuhuma: wai me kike kallo haka? Ke ki juya kan yara, yara su yi ta rantsuwa. A ƙarshe a taru a tsine wa kamfani, a sake saye. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, wannan faɗa ya daina zama na wasa, domin kuɗin da ke zurarewa kuɗin cefane ne.

To, wani lokaci ba laifin kamfani ba ne, ba naki ba ne, ba kuma na yaranki ba. Akwai hannun da ke shiga akushin ba tare da an ce masa bismillah ba. Katangar da ta raba ki da maƙwabta tana tare ido, tana tare akuya, amma ba ta tare waifai, wato abin nan da kike gani an rubuta Wi-Fi a wayarki. Haka wayar dish da ta bi ta bayan ɗaki, ba ta san mai ita ba, duk wanda ya yanke ta ya jona tasa za ta ba shi.

Sai dai kafin ki ɗaure wa kowa fuska, 'yar uwa, ki tuna Allah Ya gargaɗe mu game da yawan zato a Suratul Hujurat, aya ta 12. Sau da yawa ɓeran yana cikin gida. Kamfanin Netflix da kansa ya bayyana cewa kallon awa ɗaya yana iya cin giga 1 idan hoton na yau da kullum ne, ya kai giga 3 idan mai kyau ne, har giga 7 idan mafi tsantsar kyau ne. Ki lissafa babbar talabijin ɗin falo da yara ke kunna wa katun a YouTube tun dawowa daga makaranta har magariba. Ki ƙara da wayoyin da ke sabunta manhajojinsu da kansu da zarar sun ji waifai, da WhatsApp da ke sauke duk bidiyon da aka turo a zauren dangi da na tsofaffin ɗalibai da na masu sayar da atamfa, ko kin buɗe ko ba ki buɗe ba. Wannan kaɗai ya isa ya cinye rabin wata.

Gwajin mai sauƙi ne. Bayan sallar isha ki duba abin da ya rage, ta manhajar kamfanin ko ta danna *323# idan layin yana cikin waya, ki rubuta a takarda. Ki kashe waifai a duk wayoyin gidan da talabijin da kwamfuta, ki bar rautar a kunne ita kaɗai. Da asuba ki sake dubawa. Idan kin tarar da abin kamar yadda kika bar shi, to ki nemi gafarar Allah kan zaton da kika yi, ki koma kan 'ya'yanki. Idan kuwa giga guda ko biyu sun tafi alhali kowa na barci, babu shakka kina da baƙon da bai yi sallama ba.

Kuma za ki iya ganinsa ƙuru-ƙuru. Ki juya rautar, ko ki buɗe murfin batirin idan ƙaramar nan ce ta aljihu da ake kira MiFi, za ki ga wata takarda a manne. A jikinta akwai sunan waifai ɗin, da kalmar sirrin da ya zo da ita, da wata lamba mai ɗigo-ɗigo, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Ki rubuta wannan lamba a inda kike rubuta adireshin shafi a Chrome, alhali wayarki tana haɗe da waifai ɗin. Shafin kula da rautar zai buɗe, ya tambaye ki suna da kalmar shiga, su ma suna jikin takardar, kuma sau da yawa kalmar admin ce kawai. A ciki ki nemi inda aka jera na'urorin da ke haɗe. Za ki ga Tecno, ki ga Infinix, ki ga itel, ki ga Samsung. Ki ƙirga na gidanki. In wayoyinku biyar ne da talabijin ɗaya amma kika ga goma sha ɗaya, lissafi ya fito. Wanda ba ki gane ba kada ki yi saurin yanke hukunci, ki riƙa kashe na gida ɗaya bayan ɗaya kina ganin wanda ya ɓace daga jerin. Na san wata za ta ce wannan ai aikin maza ne. Matar da ta iya tura kuɗi ta waya, ta iya saro kaya daga Kantin Kwari ba tare da ta taka ƙafarta ba, wannan ba zai gagare ta ba.

Yanzu ta ina suka shigo? Mutane suna son su ce yaron gidan wane gwanin kwamfuta ne, ya fasa. Gaskiya mafi yawan lokaci ba a fasa komai ba, ƙofa aka samu a buɗe. Rautar tana kan teburin falo, duk yaron da aka aiko karɓar ƙanƙara ko kawo saƙo zai iya juya ta ya ɗauki hoton takardar cikin daƙiƙa biyu. Ko kuma ɗanki ne ya bai wa abokinsa, saboda a wurin yara bayar da kalmar sirrin gida wani nau'in burgewa ne, shi kuma abokin ya bai wa yayansa, yayan ya bai wa 'yan majalisarsu.

Akwai kuma wadda ta fi ba ni tausayi, wato uwargidan da ke ganin ta yi dabara. Maƙwabciya ta roƙa, sai ta ce kawo wayar in sa miki da kaina, don kada ta ga abin da aka rubuta. Wannan dabara ta mutu tun 2019. Daga Android 10 zuwa sama, duk wayar da ta taɓa shiga waifai tana iya fito da wani hoto mai ɗigo-ɗigo da ake kira QR, wata wayar ta haska shi ta shige, kuma a wayoyi da yawa kalmar sirrin ma tana fitowa ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin hoton. Masu iPhone su ma suna miƙa wa junansu. Saboda haka duk wanda kika sa wa, ki ɗauka kin ba shi mukulli ne da izinin yanka wani. Ƙari a kan haka, akwai manhajojin da ke yi wa yara alkawarin waifai kyauta. Yadda wasunsu ke aiki shi ne, suna tattara kalmomin sirrin da masu amfani da su suka taɓa shigarwa, su raba wa sauran. Yaro ɗaya mai irin wannan manhaja ya ishe ki.

Sai kalmar sirrin kanta. Lambar wayar maigida, wadda ke rubuce a allon shagonsa. Sunan auta da shekarar haihuwarsa, wanda duk layin sun ci tuwon sunansa. Ko 12345678. Wasu kuma don neman albarka sai su sa bismillah ko alhamdulillah, kuma su ne farkon abin da mai gwadawa zai gwada a unguwar Musulmi.

Gyaran ba ya cin ko kwabo. A wannan shafin da kika shiga, kalmomin sirri biyu za ki canza, kuma a nan mutane da yawa ke yin rabin aiki. Ta farko ita ce ta waifai. Ta biyu ita ce ta shafin kansa, wato admin ɗin nan, domin idan kika bar ta, duk wanda ya samu shiga sau ɗaya zai iya buɗe shafin ya ga sabuwar kalmarki, har ma ya kore ki daga intanet ɗin da mijinki ya biya. Rauta ba ta karɓar ƙasa da harafi 8, amma ke ki kai 14 ko fiye. Hanya mafi sauƙi ita ce ki haɗa kalmomin Hausa uku ko huɗu da ba su da alaƙa da juna, ki cusa lambobi a tsakani, kamar a ce rariya da kunkuru da tsintsiya da 47 a tsakiyarsu. Kada dai ki ɗauki wannan misalin nawa, don ba ke kaɗai ke karanta mujallar ba. Ki rubuta a ɗan littafi ki ajiye inda kike ajiye sarƙarki da katin asibitin yara, ba a bangon falo ba.

A wurin da aka rubuta nau'in tsaro, ki zaɓi WPA2, ko WPA3 in rautarki tana da shi. WPA2 ya fito a 2004, WPA3 a 2018. Idan kika ga WEP ki guje shi, tun 2001 masana suka nuna yadda ake ɓalle shi, kwaɗo ne da ya riga ya yi tsatsa. Sannan ki nemi wani abu da ake kira WPS ki kashe shi. An yi shi ne don sauƙaƙa haɗa na'ura ta danna maɓalli ko sa lamba 8, amma a watan Disambar 2011 aka gano cewa yadda yake tantance lambar yana da rauni, har gwaji kusan 11,000 ya isa a dace, abin da ba komai ba ne a wurin na'ura. Manhajojin da samari ke yawo da su suna cewa suna fasa waifai, da yawansu wannan ƙofar suke ƙwanƙwasawa.

Sunan waifai ɗin ma ki sauya. Babu dalilin da zai sa duk mai wucewa ya ga an rubuta Gidan Alhaji ko sunan 'yarki budurwa a wayarsa. Wasu suna ɓoye sunan gaba ɗaya, ba laifi, amma wannan labule ne, ba ƙofa ba. Game da toshe wayar ɓarawo kuwa, kowace na'ura tana da wata lambar shaida da ake kira MAC, kuma rauta tana ba ki damar hana wata lamba shiga. Matsalar ita ce wayoyin zamani suna iya sauya wannan lamba, ki kore shi da safe ya dawo da yamma da sabuwar riga. Abin da ya fi shi ne ki juya tsarin, ki jera na'urorin gidanki kawai ki ce su kaɗai aka yarda su shiga. Yana da ɗan wahala duk lokacin da aka sayi sabuwar waya, amma ya fi riƙo.

Inda aka ajiye rautar shi ma magana ce. Da yawa muna ɗora ta a tagar da ke kallon titi don ta fi samun sabis, sai ya zama rabin ƙarfinta a waje yake zuba. In sabis ɗin unguwarku zai bari, ki dawo da ita tsakiyar gida, a kan wani abu mai tsayi da hannun yaro ba ya kaiwa. Wannan na da wani amfanin, domin a bayan kowace rauta akwai ɗan rami da idan aka soka tsinke aka riƙe na 'yan daƙiƙu, komai zai koma yadda ya fito daga kamfani, har da kalmar sirrin da ke jikin takarda, duk wahalarki ta tashi a banza. Idan rautar tana ba da layi biyu, mai lamba 2.4 da mai lamba 5, ki sani na farkon ya fi ratsa bango da tafiya nesa, na biyun ya fi sauri amma ba ya nisa, don haka a ƙaramin gida na biyun ya wadatar. Da dare kuma, in an gama abin da za a yi, a kashe ta. Wannan kashewar za ta yi miki maganin wani abin da ya fi data muhimmanci, wato yaron da ya ja bargo ya rufe kansa da waya.

Kada ki ɗauka maganar kuɗi ce kawai. Tun watan Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. Layin da ke cikin rautarku da sunan mutum aka yi masa rajista, ko naki ko na maigida. Idan wani ya zauna a bayan katangarku ya damfari mutane, ko ya yi wa wani barazana, ko ya yaɗa abin da doka ta hana, sawun da masu bincike za su fara bi zai kawo su ƙofar wanda sunansa ke kan layin. Ƙila daga baya gaskiya ta fito, amma wa ke son motar hukuma ta tsaya a ƙofar gidansa unguwa tana kallo? Akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma ba a wasa da ita. Bayan wannan, ki lura da dakalin ƙofar gida. Idan samarin da ba ki san daga inda suke ba suka mayar da jikin katangarki majalisa, kowa ya sunkuyar da kai kan waya har ƙarfe ɗaya na dare, ba iskar wurin ce ta fi daɗi ba. Gidan da ke da 'yan mata bai kamata ya zama matattara ba, kuma abin da ake kallo da layinki a wannan lokaci ba lallai ne karatun Alƙur'ani ba.

Mu koma kan dish da kebul, wanda satarsa ta girmi ta waifai. Nan abin ya kasu, kuma yana da kyau ki san bambancin don kada a yi rigima a kan abin da bai faru ba. Idan dikodar biya kuke da ita, irin DStv ko GOtv ko StarTimes, wanda ya jona waya a dish ɗinku ko eriyarku ba zai ga tashoshin da kuka biya ba, domin kuɗin yana kan dikodar da katinta ne. Abin da ya sata shi ne amfanin dish ɗin, ya huta sayen nasa. Amma a bayan wasu dikodojin, musamman tsofaffi, akwai wata kafa da aka rubuta RF OUT, wadda ake jan waya daga ita zuwa ɗakin uwargida ko na yara. Wannan wayar hoton da aka riga aka buɗe take ɗauke da shi. Duk wanda ya same ta a cikin silin ko a bayan taga ya jona, zai ga duk abin da kuke kallo, in kun canza tasha ta canza masa. A gidajen haya da silin ɗinsu ke haɗe, wannan ita ce aka fi yi.

Masu risibar kyauta kuwa, waɗanda ke kama Arewa24 da tashoshin wa'azi da sallar Harami kai tsaye, alamar da za su gani daban ce. Ɗan abin nan da ke maƙale a gaban dish, wanda masu haɗawa ke kira LNB, daga risiba yake samun wuta ta cikin wayar, kuma da ƙarfin wutar risiba ke gaya masa rukunin tashoshin da take so, ko bolt 13 ko bolt 18. In risiba biyu suka hau waya ɗaya, sai su yi ta ja-in-ja, mai ƙarfin ta rinjayi ɗayar. Shi ya sa za ki ga wasu tashoshi suna nan lafiya lau da safe, da daddare lokacin da maƙwabta suka zauna kallon ƙwallo su ɓace, can tsakar dare su dawo. Ki yi ta kiran mai gyara yana juya dish yana karɓar kuɗi, alhali dish bai motsa ba. Sannan wayar da aka yanke aka naɗe da salatif tana shan ruwa da damina ta yi tsatsa, kuma waya ɗaya da ta haɗa gida biyu hanya ce da matsalar wutar wancan gidan, ko bugun tsawa, zai iya biyowa ya ƙona miki kaya.

Maganin shi ne a bi wayar da ido tun daga dish har bayan talabijin. Ki sa maigida ya tsaya a kan mai gyaran, ko babban ɗanki ya hau ya duba. Duk inda aka ga ɗan ƙarfe mai baki uku, ko kullin salatif da wata waya ta fita ta nufi inda ba naku ba, an samu. A sauya wayar da guda ɗaya marar gaɓa, a zura ta cikin bututun roba irin na masu haɗa wuta, a bi da ita ta cikin gida maimakon bayan katanga. Dish ɗin ma in da hali a kafa shi a tsakar gida ko inda ake ganinsa daga ɗaki, don shi kansa LNB ɗin ana kwance shi a tafi da shi.

To an gano, sai me? A nan nake so mu yi hattara, domin data ana sake saye, amma maƙwabtaka in ta ɓaci gyaranta sai an sha wuya. Mu Hausawa mun tashi a gidajen da ake aiko yaro ɗibar wuta, a ari turmi, a ari rariya, a roƙi gishiri, kuma matar da ta hana irin waɗannan sunanta ya ɓaci a unguwa. Suratul Ma'un ma ta zargi masu hana ɗan abin amfanin da ake ara wa juna. Shi ya sa da yawa cikin masu jona waya ba sa jin sun yi sata, a ganinsu garwashi suka ɗiba, wutar murhunki kuma ba ta ragu ba. Amma data ba garwashi ba ce, awo ce. Mudu ne aka auno da kuɗi, duk abin da wani ya ɗiba ya fita daga rabon 'ya'yanki. Ko wadda ake cewa ba ta da iyaka, yawancinta in an kai wani adadi sai a rage mata gudu, kuma yawan hannu yana sa ta ja ƙafa. Sannan ita ɗibar wutar ma ai da sallama ake yi. Malamai sun karantar da mu cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa, kuma a hadisin Miƙdad ɗan Aswad da Imamu Ahmad ya ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna cewa yi wa maƙwabci sata ya fi muni a kan yi wa gidaje goma na nesa. Saboda haka rufe waifai ɗinki ba rowa ba ce, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Shawarata ita ce, na waifai a gyara shiru. Ki canza kalmar, kada ki yi shela, kada ki yi habaici ta kan katanga, kada ki ɗora a sitatus. Wanda ke sha a ɓoye ba zai zo ya yi ƙara ba. In kuma wadda kika taɓa bai wa da hannunki ce ta zo ta ce, "Maman Abba, yau abin naku ya ƙi shiga," kada ki yi mata ƙaryar cewa ya lalace. Ki ce, "Wallahi Yaya, datar ce ba ta kai mana wata, shi ya sa Baban su Abba ya ce a taƙaita. In kina da wani abu na gaggawa ki shigo ki yi." Magana ta ƙare, ba a zubar da mutuncin kowa ba. Na waya kuwa, tunda abu ne da ake gani, maza ya kamata su yi maganar a tsakaninsu, bayan sallah, ba a gaban yara ba. Sau da yawa uban gidan bai ma sani ba, aikin samarinsa ne. Kada ki sa a datse wayar a wurga musu ta kan katanga. In an yi magana sau ɗaya sau biyu abin ya ci gaba, akwai mai gidan haya, akwai limami, akwai mai unguwa.

Kuma rufewa ba ta hana alheri, sai ma ta ba ki damar yin sa da niyya. Yawancin rautoci suna da layin baƙi, mai suna daban da kalmar sirri daban, wanda za ki kunna ki kashe lokacin da kika so ba tare da kin taɓa na gida ba. Yarinyar maƙwabta da ke son duba sakamakon WAEC ko JAMB, ko bazawarar da ke jiran kiran ɗanta daga Saudiyya, ki buɗe musu na awa guda, ki samu lada. Baƙin biki ma shi za ki ba su, in an watse ki canza. Idan maƙwabci ya nemi ya kafa nasa dish ɗin a jikin katangarku kuma ba zai cutar da ginin ba, a bar shi, domin akwai hadisin Abu Huraira da ya hana mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itace a bangonsa. In ma dish ɗaya kuke so ku yi tarayya a kai, ana sayar da LNB mai baki biyu ko huɗu, kowa ya ja wayarsa zuwa risibarsa, ba mai damun wani. Abin da ban ba da shawara ba shi ne jan tashoshin biya zuwa wani gida, ko da da yardarku ne, balle a ce ana karɓar kuɗi. Yarjejeniyar da aka yi da kamfani ta gida ɗaya ce, akwai haƙƙin wani a ciki, kuma Musulmi yana kan sharaɗin da ya ɗauka.

A babban gida, inda akwai abokiyar zama ko faccaloli, rigimar takan fi ta maƙwabta zafi. Rauta tana ɗakin amarya, sabis ba ya kaiwa ɗakin uwargida, ko ɗaya ce ke biya daga kuɗin sana'arta amma 'ya'yan kowa na sha. In maigida ne ya saya, adalci ya shafi wannan kamar yadda ya shafi buhun shinkafa, a ajiye ta inda kowa zai samu. In karo-karo ne, a faɗi abin da kowa zai bayar da ranar bayarwa tun farko kamar yadda ake yi a adashi, a kuma amince cewa ba mai fitar da kalmar waje sai da sanin sauran.

Saura tambaya ɗaya, kuma ita ce ba mu cika son yi wa kanmu ba. Ɗanki da ba ki saya wa data ba tun watan jiya, amma kullum yana kan TikTok, a ina yake samu? Me ya sa ya fi son zama a lungun bayan banɗaki, ko a kan matakalar bene ta wajen gidan su wane? Ki karɓi wayarsa yau, ki shiga wurin waifai, ki nemi jerin waɗanda wayar ta taɓa shiga ta ajiye. Duk sunan da ba na gidanku ba ne, ba na makaranta ba, ki tambaye shi wa ya ba shi, kuma mai shi ya sani? In ya yi shiru, ki sa shi ya goge a gabanki. Sannan ki saka hijabinki ki riƙo hannunsa ku shiga gidan, ki gaya wa matar gidan abin da ya faru, ki nemi su yafe, ki kuma ce su canza kalmar sirrinsu, don abokansa ma suna da ita.